Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka Ta Najeriya: Kafin A Fara Kamen 'Yan Dawunlodin

Zuwa ga mai girma Darakta Janar,
Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya, wato NCC,
Abuja.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina rubuto maka ne a kan Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu ranar 17 ga Maris, 2023, musamman ɓangaren hukuncin masu satar waƙa da rarraba ta ba da izini ba. Ni mai haɗa kiɗa ne, ina da ɗan situdiyo a Kano, kuma a waƙa abincina da na iyalina yake. Saboda haka ba ni da dalilin da zai sa in kare ɓarawon fasaha. Na yi murna da dokar nan, har yanzu ma ina murna da ita. Abin da ke damuna shi ne wanda za ta fara faɗa wa, domin a ƙasar nan mun saba ganin hukunci mai nauyi yana sauka a kan wanda ya fi sauƙin kamawa, wanda ya fi cin riba kuma yana gefe yana kallo.

Bari in fara da abin da dokar ta ce, don masu karanta wasiƙar nan da ba su taɓa jin sa ba, kuma su ne mafi yawa a cikinmu. A tsohuwar doka, wadda asalinta na 1988 ne, wanda ya buga kwafin sata tararsa ba ta wuce naira 1,000 kan kowane kwafi, ɗaurinsa kuma ba ya wuce shekara 5. Mai sayarwa kuwa naira 100 ce kan kowane kwafi, ko ɗaurin da bai wuce shekara 2 ba. Babban dila zai iya biyan wannan da cinikin safiya ɗaya ya koma shagonsa ya ci gaba. Sashe na 44 na sabuwar doka ya juya lamarin gaba ɗaya. Mai bugawa yanzu tararsa ba ta gaza naira 10,000 kan kowane kwafi, ko ɗaurin da bai gaza shekara 5 ba. Mai sayarwa ko rarrabawa don kasuwanci shi ma naira 10,000 ce aƙalla kan kowane kwafi, ko ɗaurin shekara 3 aƙalla. Wanda ya ɗora aikin wani a intanet don neman kuɗi ba da yardar mai shi ba, tararsa daga naira miliyan 1 take farawa, ko ɗaurin shekara 5 zuwa sama, ko a haɗa masa duka biyun. A da doka tana faɗa wa alƙali inda ba zai wuce ba, yanzu tana faɗa masa inda ba zai sauko ƙasa da shi ba. Wannan ba ƙaramin canji ba ne, kuma shi ya sa ya zama wajibi a yi hattara wajen zaɓen wanda za a gurfanar.

Ranka ya daɗe, ka san cutar da ake yi mana, amma ina so ka gan ta daga inda muke zaune. Waƙa ɗaya kafin ta fita, mutum nawa ne suka yi mata gumi? Akwai wanda ya rubuta baitoci, akwai mai rerawa, akwai 'yan amshi da za a sallama, akwai mai buga kiɗa, akwai wanda zai zauna ya tace murya har dare ya raba. In mawaƙin yana son kalangu ko gurmi na gaske, ba na cikin kwamfuta ba, sai an ɗauko makaɗi an biya shi. A ƙarƙashin duk wannan ga janareta tana shan fetur, domin ba ka isa ka dogara da wutar gari kana tsakiyar ɗaukar murya ba. Sai a saki waƙar da yamma, kafin gari ya waye tana shafuka barkatai na intanet da zaurukan Telegram da WhatsApp. Wasu masu shafin har muryar tallan shafinsu suke mannawa a farkon waƙar da tsakiyarta, su canja hoton da ke jikinta su sa tambarinsu. Na sha jin kiɗan da na haɗa da hannuna yana tashi a cikin adaidaita sahu, ana tsaka da amshi sai wata murya ta katse ta ambaci sunan shafin da bai taɓa biyan kowa sisi ba. Duk wanda ya danna don ya sauke waƙar sai ya ratsa ta cikin tallace-tallace, kuɗin tallan kuma aljihun mai shafin yake shiga.

Da ba haka abin yake ba. Zamanin kaset da faifai, mawaƙi yana gama kundinsa ya nufi wajen diloli a Ƙofar Wambai, a yi ciniki, ya karɓi kuɗinsa, su buga su rarraba har Maraɗi da Damagaram da Yamai. Ko a lokacin akwai satar fasaha, masu bugun sata a kasuwar Alaba ta Legas sun yi suna a kai, amma duk da haka akwai kasuwa, akwai abin da ke dawowa hannun mai aiki. Da memori da Bluetooth da Xender suka zo, sai kasuwar faifai ta mutu murus. Diloli da dama sun koma wasu sana'o'in. Mawaƙi kuma ya koma dogaro da waƙar biki da waƙar siyasa da liƙi a wajen wasa. Mutane suna ƙorafin cewa mawaƙan yanzu ba su da aiki sai yabon masu mulki da masu kuɗi, amma ba kasafai ake tambayar wa ya rage da ke biyan kuɗin waƙa in ba su ba.

To, a nan ne maganata take. A ƙarshen wannan doguwar hanya ta sata akwai wani yaro, shi ne wanda muke kira ɗan dawunlodin. Za ka gan shi a kasuwar waya ta Fam Senta ko titin Beirut a Kano, za ka gan shi a bakin kowace tasha da kasuwar ƙauye ranar cinta. Jarinsa tebur ne da laima, da tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka, da 'yar sifika, da igiyoyin caja a cukurkuɗe. Masu zuwa wajensa su ne mai shayi, da direban babbar mota da zai kwana a hanya, da manomin da ya shigo cin kasuwa, da yaron da matar aure ta aiko da memori a ƙulle a leda. Akasarinsu ƙaramar waya ce a hannunsu, ba su da kuɗin data, wasu ma garinsu sabis sai an hau tudu. Yana cika musu memori da waƙoƙi da wa'azi da fina-finai a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Abin da yake yi laifi ne a doka, ban musa ba, kuma ni kaina yana rage mini. Amma a yi lissafi. In aka ƙirga kowace waƙa a matsayin kwafi guda, memori ɗaya mai waƙa 200 tararsa naira miliyan 2 ce. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan tun 2024 naira 70,000 ne, shi kuwa wannan yaro sau da yawa ko wannan ba ya haɗawa a wata. Ba zai iya biya ba, sai ɗauri, ɗaurin kuma shekara 3 ne aƙalla. Zai fito ba sana'a, wani ya riga ya gaji teburinsa, ni kuma ko kwabo bai shigo hannuna ba.

Wasu ƙasashe sun riga mu bin wannan hanya, kuma ya kamata mu duba inda ta kai su. A Amurka, bayan kotu ta durƙusar da Napster, manhajar musayar waƙoƙi kyauta a intanet, a 2001, ƙungiyar kamfanonin waƙa ta RIAA ta koma kan ɗaiɗaikun mutane. Daga 2003 zuwa 2008 ta bi mutum sama da 30,000 da ƙara ko barazanar ƙara, cikinsu har da ɗalibai da yara da tsofaffi. Dokarsu ta ba da damar neman diyya daga dala 750 zuwa dala 30,000 kan kowace waƙa, in kuma an tabbatar da ganganci har dala 150,000. Mafi yawan mutanen sun biya 'yan dubban daloli an sasanta, don tsoron kotu. Wata mata mai 'ya'ya a jihar Minesota, Jammie Thomas-Rasset, ta ƙi sasantawa. A kan waƙa 24 da aka ce ta raba ta manhajar Kazaa, a 2007 aka yanke mata dala 222,000. Da aka sake shari'ar a 2009 sai kuɗin ya tashi zuwa dala miliyan 1.92, wato dala 80,000 kan kowace waƙa. Alƙalin da kansa ya ga abin ya wuce hankali ya rage shi zuwa dala 54,000. Aka sake zama karo na uku a 2010, aka ce dala miliyan 1.5. Sai a 2012 kotun ɗaukaka ƙara ta mayar da shi dala 222,000 na farko, Kotun Ƙoli kuma ta ƙi sauraron ƙarar a 2013. Wani ɗalibi, Joel Tenenbaum, shi ma a 2009 aka ɗora masa dala 675,000 kan waƙa 30.

Me aka samu? Jama'a suka tsani kamfanonin waƙa, rarraba waƙa bai tsaya ba, kuma a Disamban 2008 RIAA da kanta ta sanar da cewa ta daina kai ɗaiɗaikun mutane ƙara. Cinikin waƙa a duniya ya ci gaba da faɗuwa har zuwa 2014. Abin da ya tashe shi daga 2015 shi ne manhajojin sauraro irin su Spotify, waɗanda suka sa samun waƙa ta halal ya fi satarta sauƙi. Wannan ƙasa ce mai lauyoyi da kuɗi da hanyar gano kowace kwamfuta, amma ta gaji ta bari. Mu da kotunanmu suke cike maƙil, gidajen gyaran halinmu kuma mafi yawan mazaunansu masu jiran shari'a ne, ba mu da dalilin maimaita abin da su suka gwada suka watsar.

Faransa ta bi wata hanyar a 2009 da hukumarta ta Hadopi: a fara da gargaɗi ta imel, a bi da wasiƙa, sai wanda ya yi kunnen ƙashi ne ake miƙa wa kotu. Mutumin da aka fara hukuntawa a 2012 tarar yuro 150 aka ci shi, kuma a 2013 suka soke hukuncin yanke wa mutum intanet. Suwidin kuwa kan masu rumbun ta nufa. A 2009 kotu ta yanke wa mutum huɗu da ke bayan shafin satar fasaha na The Pirate Bay ɗaurin shekara guda kowannensu da diyyar kurona miliyan 30. Ban ce ɗayansu ya kawar da sata ba, amma akwai hankali a ciki: ƙaramin mai laifi a ja masa kunne, babban kuma a sa masa hannu.

Abin da nake roƙo ke nan, ranka ya daɗe. Ƙarfin dokar nan a fara gwada shi a kan masu shafukan da ke tara dubban waƙoƙin Hausa suna cin kuɗin talla, da masu buɗe tasha a YouTube ko Audiomack da sunan mawaƙin da bai san da ita ba suna karɓar kuɗin da ya kamata ya zo masa, da manyan dilolin da ke cika rumbun kwamfuta da waƙoƙi da fina-finai suna sayar wa ƙananan 'yan dawunlodin. Waɗannan ba ɓoyayyu ba ne. Suna da lambar waya ta karɓar talla, suna da asusun banki. Dokar ta ba ku makamin da tsohuwar ba ta da shi: mai haƙƙi zai iya aika takardar ƙorafi ga kamfanin da ke ɗauke da shafi a sauke aikinsa, ana iya dakatar da asusun wanda ya maimaita laifi, sashe na 61 kuma ya ba hukumarku ikon toshe shafin da ke satar fasaha. In aka gurfanar da mutum biyu ko uku daga cikin waɗannan a Babbar Kotun Tarayya, aka yanke musu hukunci, aka ba da labarin a rediyo da Hausa, sauran za su shiga taitayinsu fiye da a kwashe yara ɗari daga bakin tasha.

Shi kuwa ɗan dawunlodin, a buɗe masa ƙofar halal kafin a nuna masa ta kurkuku. Shi ne hanyar da waƙa ke bi ta isa ga mutumin da Boomplay da Spotify ba su kai gare shi ba, kuma irin wannan mutum yana da yawa ƙwarai a Arewa. Masu wannan sana'a sun san junansu, a kasuwanni da dama suna da shugabanni. Me zai hana a yi musu rajista, a ba su lasisi mai sauƙin kuɗi na wata-wata, su riƙa karɓar waƙa daga hannun masu ita, a riƙa rubuta abin da aka fi tura wa mutane don a san yadda za a raba kuɗin? Wanda ya shiga tsarin ya zama dila, kamar yadda mutanen Ƙofar Wambai suke a da. Wanda aka gargaɗe shi, aka ba shi wa'adi ya ƙi, to wannan ya zaɓa wa kansa, ba zan yi masa ceto ba.

Na san za a ce ai mawaƙa da yawa da kansu suke kai waƙarsu ga masu shafi da 'yan dawunlodin, har su biya a tallata musu, don suna ne ke kawo gayyatar biki. Gaskiya ne, ana yi. Dokar ma ba ta hana ba, domin sharaɗinta shi ne yardar mai aiki. Malamin da ya ce a yaɗa karatunsa fi sabilillahi, da sabon mawaƙin da ke neman a san shi, kowa yana da ikon yin kyauta da abinsa. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne wani ya yi kyauta da abin da ba nasa ba, ballantana ya sayar. Kuma wannan ma yana nuna buƙatar rubutu. Doka ta ce sayar da haƙƙin mallaka ba ya tabbata sai a rubuce, mu kuwa a masana'antarmu kusan komai da baki ake yi. Furodusan fim ya biya kuɗin situdiyo, mawaƙi ya rera, mai kiɗa ya buga, ba takarda. Ranar da waƙar ta fara kawo kuɗi a YouTube sai rigima ta tashi, abokan shekara da shekaru su daina gaisawa. Da hukumarku za ta fitar da samfurin yarjejeniya mai shafi ɗaya da Hausa, wanda kowane situdiyo zai ajiye a aljihun tebur, da kun kashe rabin rigingimun da ke tsakaninmu.

Sai maganar kuɗin da ake karɓa da sunanmu. Hukunci ba shi da amfani ga mawaƙi in abin da aka karɓo ba ya isowa gare shi. Hukumarku ta amince da ƙungiyar COSON a 2010 a matsayin mai karɓar wa mawaƙa haƙƙinsu, ta amince da wata ƙungiyar irinta, MCSN, a 2017, sannan ta dakatar da lasisin COSON a 2018, aka yi ta shari'a. A 2018 ɗin ne kuma Babbar Kotun Tarayya a Legas ta yanke wa kamfanin Multichoice, mai DStv, biyan MCSN diyyar kimanin naira biliyan 5.9 kan amfani da waƙoƙi ba da izini ba. Wannan ya nuna kotu tana iya tsaya wa mai waƙa ko a gaban babban kamfani. Amma ka shiga situdiyoyin Kano da Kaduna da Jos da Sakkwato ka tambayi sha'irai da mawaƙan nanaye da makaɗan gargajiya ko sun san yadda ake shiga irin waɗannan ƙungiyoyi, ka ji amsar da za su ba ka. Gidajen rediyo da gidajen biki da otal-otal suna amfani da waƙoƙinmu dare da rana. Tun 2012 akwai umarnin karɓar haraji a kan kayan da ake kwafar aiki da su, sabuwar doka ma ta tanadi wannan haraji. Memori da waya da rumbun kwamfuta su ne ainihin kayan da ake kwashe waƙar Hausa da su. Muna so a bayyana wa jama'a nawa ake karɓa, wa ake ba, kuma da wane ma'auni ake rabawa, don kada a auna mu da abin da gidajen rediyon Legas kaɗai suke sakawa.

Akwai kuma waɗanda ba sa nan balle su yi magana. Doka ta ce haƙƙin waƙa yana nan har shekara 70 bayan rasuwar mai ita. Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, ke nan haƙƙin waƙoƙinsa yana hannun magadansa har ƙarshen 2069. Haka na Musa Ɗanƙwairo da ya rasu a 1991, da Barmani Choge a 2013, da Ɗanmaraya Jos a 2015. Ka duba intanet ka ga tashoshi nawa ne ke ɗauke da muryoyin waɗannan bayin Allah, mutane suna saurare ana saka talla. Wannan dukiyar gado ce, a cikin magadan akwai mata da marayu. Ya dace hukumarku ta nemi iyalan irin waɗannan mawaƙa ta nuna musu yadda za su yi rajistar ayyukan, da yadda za su nemi a sauke na sata ko a juyo musu da kuɗin.

Duk wannan ba zai yiwu ba in mutane ba su san dokar ba, kuma ba za su san ta ba in tana cikin Turancin lauyoyi. Yawancin waɗanda na yi hira da su a kan tarar nan ba su taɓa jin ta ba. Wasu kuma da suka ji sai suka ɗauka duk mai waƙa a wayarsa ɗaurarre ne, alhali sashen da ya yi maganar mallakar kwafin sata ya ware wanda ya ajiye don amfanin kansa ko na gidansa. A fassara muhimman sassan zuwa Hausa, a karanta su a rediyo, a buga a manna a kasuwannin waya. A nemi malamai su ma su sa baki, domin mutanenmu da yawa suna ganin abin da ba a taɓa shi da hannu ba ai ba dukiya ba ne, ɗaukarsa ba sata ba ce. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Kuwait a 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne da shari'a ta kare, bai halatta a keta su ba. Mutumin da ba ya tsoron sashe na 44 yana iya jin tsoron cin haƙƙin wani in ya ji daga bakin malaminsa. Kuma tun da waƙar da aka yi a Kano ranar nan take isa Maraɗi, ta Yamai ma ta iso Katsina, zai yi kyau ku yi aiki tare da takwararku ta Nijar, BNDA, don kada mai shafi ya tsallaka iyaka ya tsira.

Ina roƙon ka sa ofisoshinku na jihohin Arewa su kira zama, a fara da Kano, a yi shi da Hausa. A gayyato mawaƙa da sha'irai da makaɗa da masu situdiyo, da ƙungiyar masu sana'ar fim ta MOPPAN, da Hukumar Tace Fina-finai ta jihar, da wakilan gidajen rediyo, da shugabannin 'yan dawunlodin su ma a ba su kujera su faɗi nasu. A fito daga zaman da kuɗin lasisi da kowa ya sani, da wa'adin da za a ba masu sana'ar su yi rajista, da lambar waya guda da mawaƙi zai kira ya kai ƙarar shafin da ya sace masa aiki a saurare shi da harshensa. In wa'adin ya cika, sai a fara kame, a kuma fara daga sama.

Allah ya yi maka jagora, ya ba ka ikon sauke nauyin da ke kanka.

Wassalam.
Naka,
Mai haɗa kiɗa daga Kano.